Amsar Tambaya: Magani Biyu, Suna Daban, Shin Ɗaya Ne?

Tambaya: Ina kiwon tarwaɗa a Kafin Dafga. Na sayo magunguna biyu a Kano, kowanne da sunansa. In haɗa su? Daga wani mai kiwon kifi.

Amsa: Malam, dakata tukuna. Babban sunan da ke gaban leda na kamfani ne. Juya bayanta ka karanta ƙananan rubutu, nan ake faɗin sinadarin da ke aiki, tare da lambar NAFDAC. Idan duka biyun sun ce oxytetracycline, abu ɗaya ka saya sau biyu, haɗa su kuwa ninka awo ne. Shi wannan bakteriya yake kashewa, kamar masu jawo gyambo a jikin kifi. Ba ruwansa da ƙwarin fata.

Idan kuma potassium permanganate ne, yana mayar da ruwa shunayya. Da ka ga ya koma ruwan ƙasa, ƙarfinsa ya ƙare. In ya yi yawa, yana ƙone gaɓar da kifi ke numfashi da ita.

Malachite green kam, ka bar wa masu kifin ado. Amurka da Tarayyar Turai sun hana shi a kifin ci saboda fargabar cutar daji, tarwaɗarka kuwa tukunya za ta. Kafin ka zuba komai, sauya ruwan kududdufin, ka kai wa likitan dabbobi ledojin ya duba.