Karantar da Shaihu Umar a Ajin Kafanchan

Tambaya: Ina koyar da Hausa a wata sakandare a Kafanchan. A ajina akwai Bajju, Atyap, Fantswam, Hausawa da Fulani. Mun kusa wurin harin bayi a littafin Shaihu Umar. In tsallake shi ne?

Amsa: Malama, kada ki tsallake. Yara za su karanta shafin a gida, su ɗauko fassararsa a bakin titi, kuma ta bakin titi ba ta da tausayi. Fargabarki dai tana kan hanya. Garuruwan kudancin Kaduna da dama sun sha hare-haren bayi daga Zazzau, rikicin 1987 a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan ya faro, na Zangon Kataf a 1992 kuwa iyayen ɗalibanki ne suka gani da idonsu.

Kafin ranar karatun, ki kafa doka: babu wanda zai amsa laifin kakansa, babu wanda za a ce ya yi magana da yawun ƙabilarsa. In kika ga kawuna sun juya kan yaro guda, ki maido da su kan shafi nan take. Duk kalmar raini da aka ci karo da ita, ke za ki karanta ta, sau ɗaya, ki faɗi dalilin da ya sa ba a kiran mutum da ita a ajinki.

Sannan ki nuna musu abin da marubucin, Abubakar Tafawa Ɓalewa, ya yi da labarin. Umar ɗan Kagara ne, Musulmi, amma bai tsira ba. An sace shi yana yaro, uwarsa ma ta faɗa bauta garin nemansa. Ki daɗe a kan Abdulkarim, Balaraben da ya riƙe shi kamar ɗa, ya sa shi karatu, alhali da fataucin bayi yake ci. Tambaye su: wannan amana ce? Kada ki yi saurin yanke musu hukunci, a nan darasin yake.

Aikin gida: su tafi bibbiyu, kowa da wanda ba yarensa ba, su tambayi wani dattijo labarin maƙwabcin da ya taɓa rufa masa asiri, ko labarin zaman tare a barikin jirgin ƙasa. Ki sanar da shugaban makaranta da iyaye mako guda kafin a fara.