Yadda Ake Sauya Madubin Gefe a Tsohuwar A-kori-kura

Da zarar an cika bayan a-kori-kura da buhunan masara, madubin cikin mota ya tashi daga aiki, direba ba ya ganin bayansa sai ta madubai biyu na gefe. Don haka sauya su a tsohuwar Hilux, ko Peugeot 504 irin wadda a da aka daɗe ana haɗawa a Kaduna, aiki ne da ya shafi rai. Yawancin masu yin sa gilashin suke kallo, alhali amfanin madubi yana gindinsa, inda ya kama ƙofa. Wanda ke karkarwa a kan gudu, ko iska ke kwantar da shi, ba ya nuna komai ko da jiya aka ciro shi daga kwali.

Tun wajen saye ake fara kula da gindin. A tafi da tsohon madubin zuwa kasuwa, Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, a haɗa shi da wanda za a saya a ga ko ramukan noti sun yi daidai. A kuma tambayi daga wace irin mota aka ciro shi. Tun 1972 Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama, sitiyarinmu yana hagu, to na gwanjo da ya fito daga motar da aka yi wa Japan ko Ingila sau da yawa an karkata shi ne don direban da ke zaune a ɗaya gefen, kuma duk juyin da za a yi masa ba zai zauna yadda ake so ba.

Cirewa ba ta da wuya in ban da tsatsa. A sauke gilashin ƙofa. A tsofaffin motoci madubin yana ɗaure ne a jikin ƙofa ta waje, a na baya-bayan nan kuwa notinansa, yawanci uku masu shan sifana lamba 10, suna ɓoye bayan wata roba mai kusurwa uku ta ciki. In na lantarki ne a cire kan batir tukuna, sannan a zare soket. Notin da ya cije a jiƙa shi da kananzir a ba shi lokaci, domin wanda aka murɗa da ƙarfin tsiya yakan karye a ciki, aikin rabin sa'a ya ci yini. A cusa tsumma a bakin ramin ƙofa kada noti ya faɗa, a tallabe madubin kafin a kwance na ƙarshe.

Sai ainihin aikin. A kankare tsatsar wurin, a shafa fenti, a bar shi ya bushe, a shimfiɗa robar da ke hana ruwa shiga. In ƙarfen ƙofa ya tsage ko ramin ya buɗe, a sa wani falle na ƙarfe ta ciki ya ɗauki nauyin. A ɗaura notinan duka da hannu, sannan a riƙa ƙara musu kaɗan-kaɗan bi da bi har su kama. Wani zai ce mai walda zai gama wannan cikin minti biyar, kuma ba zai ƙara motsi ba. Gaskiya ne ba zai motsa ba, matsalar ke nan. An ƙera madubi ne ya lanƙwashe ko ya karye in ɗan acaba ya goge shi, wanda aka liƙe da walda kuwa ƙofar yake ja ta yage, ga wutar ta ƙone fentin ciki inda ruwan damina zai samu wurin zama. Masu cewa a yanko madubin ɗaki a manna suna da ɗan uzuri a gefen direba, tunda shimfiɗaɗɗen gilashi ba ya ɓata nisa. A gefen dama kuwa ana bukatar mai ɗan tudu, wanda ke ɗauko faɗin hanya ko da yake yana sa mota ta yi kamar ta fi nisa.

Saiti daga kujerar direba ake yin sa, wani yana waje yana juyawa, har sai gefen motar ya rage ɗan kaɗan a bakin madubin. A sake dubawa bayan an yi lodi, saboda bayan mota in ya zauna kallon yakan sauya, a kuma ƙara wa notinan ƙarfi bayan 'yan kwanaki a hanya mai gargada.