Idan Makullin Mota ko na Babur Ya Ɓata: Shawarwari ga Magidantan Magariya da Dungas

Ranar da makullin abin hawa ya ɓata, harkar gida duka ce ke tsayawa: ba kai yara lakwal, ba zuwa gona, ba cin kasuwa. A ƙasar Magariya da Dungas abin ya fi ciwo, domin idan motar ta zamani ce, sau da yawa sai an dangana da Damagaram, tafiyar wajen kilomita 90 daga Magariya, ko kuma a nemo gwani daga Kano. Galibin wannan wahala kuwa ana kauce mata da kuɗin da bai kai na cika tanki ba, muddin an yi abin da wuri. Ga abin da ya kamata maigida da uwargida su sani.

1. Yanka na biyu tun na farko yana hannunka.
Mai yankan makulli yana kwafar wanda ka miƙa masa cikin ƴan mintoci, da kuɗi kaɗan. Idan kuwa babu ko ɗaya, sai an kwance ƙofa, ko an sayi sabon kaya, ko an kira mai kwamfuta, kuɗin ya ninka sau da yawa. Motocin Kwatano da babura na hannu yawanci da makulli ɗaya tak suke iso mu, saboda haka kada ka ce sai an samu sarari.

2. Gwada shi ko'ina kafin ka biya.
Sa shi a ƙofar direba, da but, da murfin tanki, da kwantak, wato ramin da ake murɗawa a tada inji. Ka kuma tabbata daga na asali aka yanka, domin kwafin da aka yi daga wani kwafin yakan kauce kaɗan, ya riƙa cijewa har ya cinye ramin.

3. San irin makullin da kake riƙe da shi.
Iri uku ne: ƙarfe zalla irin na babura da tsofaffin Starlet, Hiace da Peugeot 504; mai kan roba mai kauri wanda aka ɓoye ƴar ƙwayar lantarki da ake kira cip a cikinsa; sai na aljihu wanda maɓalli kawai ake dannawa mota ta tashi. Tun 1998 dokar Tarayyar Turai ta wajabta wa sababbin motoci na'urar da ke hana inji tashi in ba ta ji cip ɗinta ba, mu kuma yawancin motocinmu daga can suka fito. Idan ka ga ƴar fitila mai hoton makulli ko kwaɗo tana ƙiftawa a gaban direba, to motarka na cikinsu, kwafin ƙarfe zalla zai murɗa kwantak amma injin ba zai kama ba.

4. Ko motarka mai cip ce, yanka na ƙarfe zalla.
Ba zai tada mota ba, amma zai buɗe ƙofa ranar da ka rufe na ainihin a ciki, kuma araha gare shi. Yana kuma adana siffar haƙoran makullin, ta yadda in babban ya ɓata rabin aikin mai gyara ya riga ya ƙare.

5. Na biyun ya zauna a gida, ba cikin mota ba.
Makullin da aka ɓoye a ƙarƙashin kujera ko bayan taya, ɓarawo ya san wurin kafin kai. Uwargida, ki karɓe shi ki sa cikin akwatin da kike ajiye takardun haihuwar yara, ki kuma nuna wa mutum ɗaya amintacce wurin saboda ranar da kika tafi unguwa. In tafiya ce mai nisa, kamar Agadas ko Yamai, maigida ya tafi da shi, amma a aljihun abokin tafiya ko cikin wata jaka dabam.

6. Rubuta lambobin nan a littafi.
Akwai lambar jikin mota mai haruffa da alƙaluma 17, tana kan kartigiri, wato takardar rajistar mota, tana kuma ƙasan gilashin gaba ko jikin ginshiƙin ƙofa. Wasu makullan Toyota suna zuwa da ɗan guntun ƙarfe mai lambar yanka. Peugeot da Citroën kuma suna da lambar sirri mai gurbi 4 a kan wani kati, wadda ake bukata kafin a haɗa sabon makulli da motar. Duk wadda ka samu a cikinsu, ka rubuta ka ajiye tare da makulli na biyu. Hoton makullin kansa kuwa kada ka sa shi a WhatsApp ko Facebook, don gwani yana iya yanka wani daga hoto mai kyau.

7. Ɗaura masa igiya mai launi, ka raba shi da na gida.
Ƙasarmu rairayi ce, makulli yana faɗuwa ba ƙara, taku biyu ya nutse. Jan zare ko guntun fata mai tsawon taƙi ɗaya shi ke sa a hango shi. Aljihun gefen kaftani kuma ba amana gare shi ba wajen tsugunnin alwala ko hawa babur, gara na ƙirji ko mai zik. Tarin makullan shago, rumbu da ƙofar gida da ke lilo a jikin kwantak suna cinye shi a hankali, ga shi in sun ɓata tare duk ƙofofinka ka rasa a rana guda.

8. Buga ƙusa ɗaya a ɗaki, sama da inda hannun yaro ke kaiwa.
Da shigowa a rataye, da fita a ɗauka. Makullai da dama da aka yi ta nema a kasuwa, a tsakar gida aka tsince su cikin kayan wasan yara.

9. Ranar da ya ɓata, bi sawunka baya kafin ka kira kowa.
Fara daga wurin ƙarshe da ka kashe inji, ka bi ta masallaci, wajen alwala, teburin mai shayi, ƙarƙashin tabarmar majalisa, da aljihun rigar da aka kai wanki. Inda kake zargin ya faɗi cikin rairayi, hana mutane takawa, ka sa yara su tankaɗe wurin da rariya. Mayen ƙarfe na tsohuwar lasifika ma yana taimakawa in an ja shi a ƙasa, domin ko bai kama makullin ba zai kama zoben da ke jikinsa.

10. Yi cigiya, ka ambaci tukwici.
Faɗa wa ladan ya sanar bayan salla, ka gaya wa mai unguwa, sarkin tasha da ƴan kabu-kabu, su ne ke jin labarin tsintuwa kafin kowa. Rediyon gari ma yana karɓar irin wannan sanarwa. Idan a kasuwa ne, kamar ta Maigatari ranar Alhamis, bar lambar wayarka wajen shugabannin kasuwa kafin ka juyo. Siffanta igiyar da ke jikinsa kawai, kada ka faɗi lambar motar ko inda take ajiye.

11. Tsare abin hawan tun daren farko.
Ba ka san hannun da makullin ya faɗa ba. Babur a tura shi cikin zaure a sa masa sarƙa da kwaɗo, mota kuma in ana iya buɗe gabanta a cire kan batir, in ba a iya ba a tare ta da wata motar ko a samu mai kwana kusa da ita.

12. Kada ka fasa gilashi, kada ka yarda a haɗa waya.
Gilashin ƙofa ya fi kuɗin kiran mai buɗewa tsada, kuma kafin a samo daidai da motarka ka sha ƙura. Haɗa waya kuwa yana ƙona kayan wuta, ba ya sakin sitiyarin da ya kulle, kuma mota mai cip ko an haɗa ba za ta tashi ba. Ga kuma shingen jandarma: mutumin da ke tuƙa babur da wayoyi a tsirara, ko nasa ne, sai ya yi dogon bayani kafin a sake shi.

13. Haɗa takardunka kafin ka nemi mai gyara.
Kartigiri, katin ɗan ƙasa da takardar saye su kasance a hannu, in kuma kana zargin sata ce ko takardu sun ɓata tare da makullin, je komisariya ko jandarmeri ka yi takardar shaidar ɓata. Mai sana'a na kirki zai nemi ganin shaidar cewa abin hawan naka ne, kada ka ji haushi, irin tambayar da za ta kare ka ce ranar da wani ya je masa da motarka. A yankin kan iyaka irin namu, inda babura ke ƙetarawa ta Tinkim da sauran hanyoyi kullum, wannan ba abin wasa ba ne.

14. Na babur: canja saitin duka.
Masu sayar da kayan Haojue, Kasea da Boxer suna da saiti mai haɗe da kwantak, murfin tanki da makullin gefe, da sababbin makullai biyu a ciki. Ya fi yanke-yanke sauƙi, kuma wanda ya tsinci tsohon ba abin da zai yi da shi. Sa makaniki ya kwance tsohon kwantak ka tafi da shi shago, don a gwada yawan wayoyi da bakin soket.

15. Tsohuwar mota: ramin makullin ƙofa ne zai yi tafiya, ita ta zauna.
Makaniki yana iya zare ramin makullin daga ƙofa, a ba direban tasha amintacce ya kai wa mai yanka a Damagaram, ya duba cikinsa ya fitar da sabon makulli. Na ƙofar fasinja ya fi, domin bai cinye kamar na direba ba, kuma a wasu tsofaffin motocin Japan an buga lambar yanka a jikinsa. Sai dai in an taɓa canja ƙofar ko kwantak ɗin a baya, sabon zai buɗe ɗaya ya ƙi ɗaya, don haka ka tuna ko da makulli guda kake buɗe duka.

16. Mota mai cip: mai kwamfuta ne zai zo inda take.
Dole a jona na'urarsa da motar kafin ta karɓi sabon makulli, janta kuma da igiya haɗari ne tunda sitiyari a kulle yake, mai giyar otomatik ma jan nesa yana lalata mata giya. Kira shi tukuna ka faɗa masa sunan motar, samfurinta da shekararta, ka kuma faɗa masa gaskiya cewa ba ko makulli ɗaya, domin a wasu Toyota in babban makullin ya ɓata sai an ciro akwatin kwamfutar an sake rubuta shi. Batir ya kasance cike ranar da zai zo, don wuta in ta yanke ana tsakiyar aiki tana iya jawo sabuwar matsala.

17. Ka ce ya yi biyu, ya kuma goge wanda ya ɓata.
Tunda an riga an biya kuɗin zuwansa, na biyun ƙari kaɗan ne, goge tsohon daga kwamfutar motar kuma yana sa ko an tsince shi ba zai tada inji ba. Wani zai ce bari a cire na'urar tsaron gaba ɗaya a huta. Ni ban ba ka wannan shawara ba, domin daga ranar duk mai guntun ƙarfen da ya shiga ramin zai iya tafiya da motarka.

18. Gama ciniki kafin a taɓa mota.
A faɗi kuɗin makulli, na aiki da na mota zuwa da komawa, a kuma fayyace da sefa ake magana ko da naira, tunda duka biyun suna yawo a kasuwanninmu. Cikon kuɗi sai inji ya tashi, an kashe an sake tadawa da kowane makulli, an kuma gwada rimot a ƙofofi.

19. Rimot da ya yi shiru ko makullin da ya cije, ba sai an sayi sabo ba.
Yawanci ɗan batir ne mai faɗi ya mutu, lambarsa tana rubuce a jikinsa, kamar CR2032 ko CR2016, masu gyaran agogo suna sayarwa. Na dannawa kuma akwai siririn ƙarfe ɓoye a cikinsa na buɗe ƙofa, in kuma ka manna rimot ɗin kansa a jikin maɓallin tadawa motoci da yawa suna tashi. Idan ƙurar hunturu ta sa rami ya yi tauri, goga bakin fensir a haƙoran makullin ka riƙa girgiza sitiyari a hankali, kada ka zuba man gyaɗa ko baƙin mai, ƙura suke tarawa. In ya karye, adana gutsattsarin duka, da su za a yanka wani, a kuma mayar da cip ɗin cikin sabon gida.

20. Ranar sayen mota ko babur, tambayi makulli nawa ne.
Gwada kowanne a gaban mai sayarwa da dillali, ka kuma nemi katin lambar sirri in akwai. Idan ɗaya ne kawai, a cire kuɗin yin na biyu daga farashi kafin ka ce ka saya.