Ƙyanda da idon yaro: darasi ga uwaye mata da masu faɗakarwa

Ƙyanda, wadda wasu ke kira dussa ko baƙon dauro, ta fi yaɗuwa a ƙasarmu daga ƙarshen sanyi zuwa tsakiyar bazara. Uwa takan sa hankalinta ga zazzaɓi da ƙuraje, alhali akwai ɓarnar da ke tafiya a ɓoye. Cutar tana cinye bitamin A da jiki ya ajiye a hanta, wanda shi ne ke riƙe da damshin ido da lafiyar fatarsa. Yaro mai tamowa ajiyarsa kaɗan ce tun farko, don haka idonsa ne ke fara biyan bashin.

Alamar farko ita ce dundumi: da magariba ta yi sai yaro ya riƙa tuntuɓe, ko ya kasa ganin kwanon da ke gabansa. Daga nan farin ido ya bushe, wani tabo mai kama da kumfar sabulu ya fito a gefensa. Idan baƙin ido ya dushe kamar an shafa masa hazo, ko yaro ya ƙi buɗe ido sam, to ba a kwana da shi gida. A wannan mataki ido na iya gyambo ya fashe cikin kwana kaɗan, hakiyar da za ta biyo baya kuwa ba ta gogewa.

A gidan likita ana ɗiga wa mai ƙyanda bitamin A a baki ranar da aka kawo shi, a sake washegari. In ido ya taɓu, akwai na uku bayan mako 2 zuwa 4, kuma shi ne aka fi mantawa. Mai faɗakarwa ya rubuta ranar, ya bi gidan.

Al'adar ɓoye mai ƙyanda a ɗaki har ƙuraje su bushe ta makantar da yara da yawa. Haka ma zuba ruwan ganye, kwalli ko maganin ɗigawa na kasuwa. A goge kwantsa da tsumma mai tsabta da ruwan da aka tafasa ya huce, a ci gaba da ba da nono. In yana cin abinci, a ba shi ƙwai, hanta, mangwaro, kabewa da zogala da ɗan mai, domin mai ne ke taimakon jiki ya sha bitamin ɗin.

Allurar rigakafin ƙyanda a wata 9 ake yin ta, a maimaita cikin shekara ta biyu. Bitamin A kuma kowane wata 6, daga wata 6 har shekara 5.