Koyon Na'ura da Farautar Baƙin Siffofi a Doron Wata

Tun 2009 kumbon Lunar Reconnaissance Orbiter na hukumar NASA yake kewaya wata yana aiko da hotuna, waɗanda yawansu ya fi ƙarfin idon ɗan Adam. Wannan ne ya sa masana suka koma ga koyon na'ura, wato horar da kwamfuta ta gane siffofi daga misalai.

Hanyoyin biyu ne. A ta farko, ana nuna wa na'ura abin da ake nema. Da ita Valentin Bickel da abokan aikinsa suka gano wurare 136,610 da duwatsu suka gangaro, a binciken da suka wallafa a 2020. A ta biyu kuwa, na'urar ce ke koyon yadda doron wata ya saba kasancewa, sannan ta ware duk abin da ya saɓa, kamar bakin rami mai zurfi ko ragowar kumbon Apollo.

Sai dai na'ura ba ta san dalilin saɓanin ba. Inuwa ko lahanin hoto na iya ruɗar ta. Saboda haka tantancewa tana hannun masani, musamman idan za a zaɓi wurin saukar 'yan sama-jannati.