Cutar Kandida da Shan Kafso Barkatai

A cikin bakin ɗan Adam, da hanjinsa, da gaban mace, akwai wata ƙwayar halitta wadda ido ba ya iya gani, dangin yis ɗin da ake kwaɓa burodi da shi. Likitoci suna kiranta Candida albicans. Tana zaune lafiya a jikin yawancin mutane, domin akwai waɗansu ƙwayoyi masu amfani da ke tsare ta, ba su bari ta yawaita. Idan waɗannan masu tsaron suka ragu, sai ta haihu ta cika wuri, ta zama cuta.

Ga jariri, alamarta ita ce fari-fari a harshe da cikin kumatu, kamar guntun nono, amma ba ya gogewa da sauƙi, har yaro ya ƙi kama mama. Ga mace kuwa, ƙaiƙayin gaba ne mai tsanani, da farin ruwa mai kauri kamar kindirmo, da raɗaɗi wajen fitsari. Cikin mata huɗu, kusan uku sukan gamu da ita ko da sau ɗaya a rayuwarsu, musamman masu juna biyu. Zufar bazara a watan Maris da Afrilu, da kamfai na leda, suna ƙara mata ƙarfi.

A nan ne jama'a da yawa suke yin kuskure. Mace a Jekadafari ko Pantami ko Bolari ta ji ƙaiƙayi, sai a ce sanyi ne, a aika yaro kemis ya sayo kafso. To, kafso irin su tetracycline da ampicillin ba su kashe yis. Masu tsaron nan suke kashewa, watau an kori maigadi an bar ɓarawo a gida. Haka kuma wanke cikin gaba da sabulu ko ruwan magani yake yi. Ba a banɗaki ake ɗaukar wannan cuta ba, kuma ba shaida ce ta lalata ba, saboda haka bai kamata miji ya zargi matarsa ba.

Maganinta sananne ne. Jariri akan ɗiga masa nystatin a baki, a kuma duba kan nonon uwar, don kada su riƙa mayar wa juna. Mace akan ba ta clotrimazole na matsi. Ƙwayar fluconazole ta sha ba a ba mai ciki ita sai da izinin likita.

Idan cutar tana tafiya tana dawowa, ko ta fito a bakin babban mutum har haɗiya ta yi masa wuya, wannan ya wuce kemis. Sau da yawa ita ce alamar farko ta ciwon sukari ko ta ƙanjamau. Ana auna jini domin duka biyun a Asibitin Ƙwararru na Jiha, da Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe, wanda aka kafa a 1996 aka ɗaukaka shi a 2014. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wannan ƙwaya cikin rukunin da ya fi haɗari, domin idan ta shiga jinin majinyaci mai rauni tana iya kisa.