Tsakanin Kano Da Maiduguri A Jirgin Sama

Mutane da yawa suna zaton jirgin sama da ya tashi sai sauka, kamar ƙiftawar ido. Ni kuwa ina so in nuna wa 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu cewa tafiyar sama tana da lissafinta, wanda ya kamata mutum ya yi kafin ya zuba kuɗinsa. Bari mu ɗauki Kano da Maiduguri mu gani.

Wannan hanya tsohuwa ce. A shekarar 1925 jiragen sama uku na sojan Ingila suka taso daga Masar, suka ratso Sudan da Cadi da Barno, suka sauka Kano. Su ne jiragen da Kanawa suka fara gani.

Na auna tsakanin garuruwan biyu a taswirar ajinmu da rula, na sami kimanin kilomita 500 in an miƙe sak. Mota kuwa sai ta bi ta Wudil da Azare da Potiskum da Damaturu, kusan kilomita 600. In tana gudun kilomita 80 cikin awa guda, za ta yi awa bakwai da rabi, ban da tsayawar salla da cin abinci.

To, jirgi fa? A darasin lissafi an koya mana mu raba nisa da gudu, mu sami lokaci. Babban jirgin fasinja yana cin kamar kilomita 800 cikin awa guda. In ka raba 500 da 800, za ka sami minti 37 da rabi. Amma wannan amsar takarda ce. Jirgi ba ya fara wannan gudu tun daga ƙasa. Sai ya gangara a hankali zuwa titin tashi, ya jira izini, ya hau sama. Kafin ya iso kuma sai ya rage gudu, ya riƙa saukowa kaɗan kaɗan. In iska ta tare shi ta gaba, ta ƙara rage masa sauri. Saboda haka minti 37 ɗin nan takan koma wajen awa guda.

Akwai kuma lokacin da ba a rubuta a tikiti. Mutum zai je filin jirgi tun da sauran awa ɗaya ko biyu don a auna kayansa, can kuma ya jira a sauke su. Da hunturu hazo kan rufe sararin Arewa, matuƙi ba ya hangen titin sauka, sai a ɗage tafiya. In kuwa ba a sami jirgin da zai tafi kai tsaye ba, sai an bi ta Abuja, nisan ya haura kilomita 1,000, wato ya ninka, ga zaman jiran jirgi na biyu. A irin wannan rana mai mota yana iya riga mai jirgi isa.

Don haka wanda zai kai maras lafiya asibiti, ko ɗalibin da jarrabawa ke jiransa, kada ya tsaya ga tambayar minti nawa jirgi ke yi a sama. Ya ƙidaya tun daga ƙofar gidansa har zuwa inda za shi, ya bar rarar lokaci. Hausawa sun ce da sanyin safiya ake kama fara. Allah ya sauke matafiyanmu lafiya, amin.